Waiwaye: Yadda Sunan Zuma Ya Ratsa Duniya Daga Ailan Zuwa Sin

A wajen shekara ta 449, sarkin Rumawan Gabas ya tura jakadu daga Kustantiniya zuwa fadar Attila, sarkin Hunawa, wanda a lokacin ya hana Turai barci. Cikin tawagar akwai wani malami Bagirke mai suna Priskus, mutum mai ido da kunne, wanda ya rubuta abin da ya gani a hanya. Da suka haye kogin Danube suna yada zango ƙauye-ƙauye, mutanen ƙasar suka riƙa kawo musu wani irin gero a maimakon alkama, a maimakon giyar inabi kuma suka ba su wani abin sha da suke kira "medos". Priskus ya rubuta sunan a matsayin baƙuwar kalma ta mutanen da Girkawa ke yi wa kallon ƙauyawa. Ba shi da hanyar gane cewa a harshensa na gado akwai 'yar'uwarta ciki ɗaya, wato "methu", wadda mawaƙi Homer ya yi amfani da ita fiye da shekaru 1,000 kafin nan. Sai da aka shafe fiye da ƙarni 13 kafin a iya nuna wannan zumunci da hujja.

Ƙofar ta fara buɗewa ne a birnin Kalkata na Indiya ranar 2 ga Fabrairu, 1786, lokacin da wani alƙali ɗan Birtaniya, William Jones, wanda ya koyi Sanskirit don ya fahimci dokokin Hindu, ya bayyana wa taron masana cewa wannan harshe da Girkanci da Latin sun yi kama fiye da yadda katari zai haifar, don haka tilas tushensu ɗaya ne. Ba shi ne farkon wanda ya lura da haka ba, amma maganarsa ce ta yi amo. A 1813 Thomas Young ya raɗa wa dangin harsunan suna Indo-Turai. Franz Bopp a 1816, Rasmus Rask a 1818 da Jacob Grimm a 1822 su ne suka mayar da hasashe ya zama ilimi, domin sun gano abin da ya fi kama muhimmanci: sauti ba ya sauyawa kara zube, yana bin doka.

Misali ɗaya ya isa. Inda Sanskirit ke da sautin "dh", Girkanci kan zo da "th", harsunan Jamusawa da na Silabawa kuma su zo da "d". Launin ja a Sanskirit "rudhira" ne, a Girkanci "eruthros", a Ingilishi "red". Hayaƙi a Sanskirit "dhuma", a Rashanci "dym". Ƙofa a Girkanci "thura", a Ingilishi "door", a Rashanci "dver". To, ɗora zuma a kan wannan ma'auni. Sanskirit na da "madhu", Girkanci "methu", tsohon Ingilishi "medu", tsohon harshen Silabawa "medu", harshen Lituweniya "medus". Kowace kalma ta faɗo daidai inda dokar ta ce za ta faɗo. Daga nan masana suka sake gina uwar kalmar, suka ce "medhu" ce. Sukan sa mata alamar tauraro a gaba, don mai karatu ya san ba a taɓa samun ta a rubuce ba, ta hanyar jikokinta aka gane ta.

A nan ya kamata mai karatu ya yi hattara, domin kunnen Bahaushe na jin "madhu" zai tuna masa maɗi, mai zaƙi da ake yi da rake ko ɗinya. Kama da wane ba ta wane ba ce. Hausa harshen Cadi ne daga dangin Afro-Asiya, kuma babu jerin kalmomi masu bin doka ɗaya da ke haɗa "ɗ" namu da "dh" na Sanskirit. Ko a cikin dangin Indo-Turai kansa irin wannan ruɗu na faruwa. Abin bauta a Latin "deus" ne, a Girkanci "theos", amma bincike ya nuna ba tushensu ɗaya ba. Mummunan abu a Farisanci "bad" ne, a Ingilishi ma "bad", kuma babu abin da ya haɗa su sai katari. Ina jaddada wannan ne saboda yadda mutane ke saurin gina tarihin asalin al'umma guda a kan kalmomi biyu da suka yi kama a kunne. Wannan ilimi ya samu daraja ne ranar da ya daina yarda da kunne shi kaɗai.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, mutanen nan na farko ba suna ɗaya suka ba zuma ba. Akwai na biyu, "melit", kuma shi ne ma ya riga bayyana a rubuce. A 1906 aka fara haƙo dubban allunan yumɓu a kangon Hattusa, babban birnin Hittiyawa, a tsakiyar Turkiyya ta yau. A 1915 Bedřich Hrozný ya nuna cewa harshensu na dangin Indo-Turai ne, kuma shi ne mafi tsufa a rubuce cikin dangin. Zuma a wurinsu "milit" ce. Ba kuma mafarautan zumar daji kaɗai ba ne, masu kiwo ne, domin dokokinsu sun tanadi hukunci ga ɓarawon amya: a da akan bar shi ƙudan zuma su harbe shi, daga baya aka sassauta, ya koma biyan shekel shida na azurfa. A tatsuniyar abin bautarsu Telipinu, wanda ya yi fushi ya ɓace har ƙasa ta bushe, gaggafa ta nema ta rasa, ƙudan zuma ne ya gano inda yake kwance.

A tsibirin Kirit ma haka. Da Michael Ventris, wanda sana'arsa zanen gine-gine ce, ya warware rubutun allunan fadar Knossos a 1952, sai ga shi tsohon Girkanci ne da ya girmi Homer da ƙarnoni. Cikin lissafin kayan fada akwai "me-ri", wato "meli", domin rubutun nasu bai bambanta "r" da "l" ba. Tulunan zuma ne da aka ware don kaiwa wuraren bauta. Daga wannan reshe Latin ya samu "mel", wanda ya haifi "miel" na Faransanci da Sifaniyanci, "miele" na Italiyanci da "mel" na Fotugis. Armeniyawa na cewa "meghr", Albaniyawa "mjaltë". Girkawa suka ciro sunan ƙudan zuma daga gare ta, "melissa", wanda har yau ake raɗa wa 'ya'ya mata. A harshen Gotawa, wanda ya mutu tuni, kalmar ta tsira ne albarkacin fassarar Linjila ta Wulfila a ƙarni na 4, a wurin da aka ba da labarin Annabi Yahaya yana cin fara da zumar jeji. Sun rubuta ta "milith", domin a harsunan Jamusawa tsohon "t" yakan koma "th", kamar yadda "tres" na Latin ya yi daidai da "three" na Ingilishi.

Me ya sa suna biyu ga abu ɗaya? Harsunan da suka riƙe duka biyun su ne ke ba da amsa. A tsohon harshen Ailan, "mil" zuma ce, "mid" kuma giyar zuma. A harshen Wels, "mêl" da "medd". A Girkanci, "meli" abin lasa ne, "methu" abin maye. Ke nan "melit" ita ce zumar da ke cikin saƙa, "medhu" kuwa ta haɗa zumar da abin shan da ake yi da ita. Duk wanda ya san halin zuma zai ga dalili. Tsantsar zuma ba ta lalacewa saboda ruwan da ke cikinta bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ƙwayoyin yis ba sa iya aiki a ciki. Amma da zarar an sirka ta da ruwa, ko da ruwan da aka wanke saƙa da shi ne, aka bar ta kwanaki, yis ɗin da ke cikinta da wanda ke iska zai tashi, zaƙin ya koma barasa. Ba a bukatar gona ko tsiro ko inabi. Tsakanin zuma da giyarta babu komai sai ruwa da haƙuri, shi ya sa suna ɗaya ya iya ɗaukar su biyun.

Da zuriyar ta watsu, sai aka yi wa kalmomin biyu abin da ake yi wa kayan gida ranar rabon gado: wani ya ɗauki wannan, wani ya ɗauki wancan, kowa ya yi amfani da rabonsa yadda ƙasarsa ta ba shi. Mutanen gabas, wato Indiyawa da Iraniyawa da Silabawa da mutanen Baltik, sun riƙe "medhu" suka saki "melit". Rumawa suka yi akasin haka, shi ya sa har yau Bafaranshe ba shi da gadajjen suna na giyar zuma, sai haɗin gambiza na Girkanci, "hydromel", wato ruwa da zuma. A ƙasashen da inabi ke yi, kalmar ta tsaya amma abin da ke cikin ƙoƙon ya sauya. "Methu" ta Homer giyar inabi ce. A Abesta, littafin Zaradusawa, "madhu" ma haka take. Ita ce ta gajarce ta zama "may" ta Farisanci, wadda ta cika baitocin Hafiz da Umar Khayyam, wadda kuma sufaye suka mayar alamar maye da son Ubangiji. Yau Bafarishe idan zuma yake nufi, "asal" ta Larabci yake cewa, a Urdu da Hindi kuma an fi jin "shahad". Musulunci ya kai sunayensa na zuma inda ya je.

A Indiya kuwa ɓangaren zaƙi ne ya yi rinjaye. A Rigveda, tarin waƙoƙin bautar Hindu da aka tsara tsakanin kimanin 1500 zuwa 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), "madhu" zuma ce, kuma kirari ce ga duk abin sha mai daɗi, har da soma da ake zubawa a wurin bauta. Daga ita aka samu "madhura", mai zaƙi, da sunayen mutane irin su Madhu da Madhuri. Likitocin gargajiyar Indiya sun lura da cutar da ke sa tururuwa ta taru a kan fitsarin mai ita, suka kira ta "madhumeha", fitsarin zuma. A 1674 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana wannan zaƙi na fitsari, kuma sunan da likitocin duniya ke kiran ciwon sukari da shi yau yana ƙarewa da "mellitus", daga "mel" ta Latin. Ƙarshen duniya biyu, cuta ɗaya, kowa ya kira ta da rabonsa na gadon.

Arewacin Turai, inda sanyi ya hana inabi, shi ne ƙasar da giyar zuma ta yi sarauta, kuma a nan ne labarin ya fi nauyi. A 1978 aka buɗe kabarin wani basaraken Seltawa a Hochdorf, kusa da Stuttgart a Jamus, wanda aka binne wajen shekara ta 530 kafin haihuwar Annabi Isa. A gefensa akwai tukunyar tagulla mai cin lita 500, ƙirar Girkawa, da ƙahonin sha guda tara rataye a bango. Ƙurar furanni da ta daskare a gindin tukunyar ta nuna zuma aka jiƙa a ciki. Wannan ba shagali kawai ba ne, tsarin mulki ne. Sarki yana shayar da mayaƙa, su kuma su biya da jininsu. Tsohuwar waƙar Wels mai suna Y Gododdin ta ba da labarin jarumai 300 da aka shayar shekara guda a inda birnin Edinburgh yake yau, sannan suka tafi yaƙin Catraeth wajen shekara ta 600, kusan babu wanda ya dawo, kuma mawaƙin ya ɗauki mutuwarsu a matsayin biyan bashin abin da suka sha. A waƙar Beowulf ta tsohon Ingilishi, zauren sarki zauren giyar zuma ake kiransa. Sunan sarauniya Medb ta tatsuniyoyin Ailan ma masana da yawa daga wannan tushe suke ciro shi. Mutanen Iskandinabiya kuwa, kamar yadda Snorri Sturluson ya rubuta wajen 1220, sun ɗauka cewa baiwar waƙa kanta giyar zuma ce da abin bautarsu Odin ya sato. Ba sai mutum ya yarda da shan abin ba kafin ya gane cewa kalmar da ke tsakiyar alkawari tsakanin sarki da mayaƙi ba za ta ɓace da sauƙi ba.

Abin mamaki, mutanen da suka fi kowa riƙe sunan giyar, wato Jamusawa da danginsu, su ne, in ban da Gotawa, suka yar da tsohon sunan zumar. "Honey" ta Ingilishi da "Honig" ta Jamusanci sabon suna ne, wanda masana da yawa ke dangantawa da launin rawaya ko na zinariya. Silabawa kuma suka yi wani amfani da tasu. Dabbar nan mai gashi ta dazuzzukan sanyi, wadda Larabawa ke kira dubbu, tana da tsohon suna da ya tsira a Girkanci "arktos" da Latin "ursus". Silabawa suka daina faɗinsa, ana kyautata zaton don tsoron kada kiran sunan ya jawo mai sunan, suka koma yi mata laƙabi da "medved", maciyin zuma. Daga wannan laƙabi sunan tsohon shugaban Rasha Medvedev ya fito.

Tafiyar ba ta tsaya a iyakar dangi ba. A farkon ƙarni na 20, masu bincike suka kwaso tsofaffin takardu daga garuruwan Kucha da Turfan a hamadar yammacin Sin. A 1908 Emil Sieg da Wilhelm Siegling suka tabbatar cewa harshen takardun, wanda aka kira Tokariyanci, ɗan dangin Indo-Turai ne da ya yi nisan kiwo. Zuma a ɗaya daga rassansa biyu "mit" ce. A 1916 wani masani ɗan Rasha, Yevgeny Polivanov, ya kawo shawarar cewa daga nan Sinawa suka aro tasu, wadda yau ake furtawa "mi", a da kuma tana ƙarewa da "t". Yawancin masana sun karɓi wannan. Shaidar tsohon "t" ɗin tana bakin maƙwabtan da suka ara daga Sin tun da wuri: Japanawa na cewa "mitsu", mutanen Biyetnam "mat". Ta hanyar teku kuma, 'yan kasuwa da malaman addinin Indiya suka kai "madu" ga Malesiya da Indonesiya.

A arewa ma an yi aron, kuma shi ne ya fi amfani ga masu neman asalin mutanen. Harshen Finlan da na Hungari ba 'yan dangin Indo-Turai ba ne, amma na farko yana da "mesi", na biyu "méz", kuma sunan ƙudan zuma a wurinsu ya yi daidai da wata tsohuwar kalma ta Sanskirit. Aro ne tsoho ƙwarai, tun kakannin harsunan biyu ba su rabu ba. To, ƙudan zuma irin na amya, wanda Linnaeus ya sa wa suna Apis mellifera a 1758, bai zauna a Saiberiya, gabas da tsaunukan Ural ba, sai da mutane suka kai shi a ƙarnonin baya-bayan nan. A yammacin tsaunukan kuwa, a dazuzzukan da ke kewayen kogin Bolga, ya yi yawa, har yau ma a Bashkiriya akwai masu ɗiban zuma daga kogon itace kamar yadda kakanninsu suka yi. Saboda haka masana suka kafa hujja cewa a wannan yanki dangin biyu suka yi maƙwabtaka. Wannan ya zo daidai da ra'ayin Marija Gimbutas na 1956, cewa gidan farko na masu harshen Indo-Turai shi ne filayen ciyawa da ke arewa da Bahar Aswad da Tekun Kasfiya, inda makiyayan da ake kira Yamnaya suka rayu tsakanin kimanin 3300 zuwa 2600 kafin haihuwar Annabi Isa. Colin Renfrew ya ƙalubalanci wannan a 1987, ya ce Anatoliya, wato Turkiyya ta yau, ce gidan, amma binciken ƙwayoyin halitta daga tsofaffin ƙasusuwa da aka wallafa a 2015 ya nuna gagarumar ƙaura daga waɗannan filaye zuwa cikin Turai. Zuma ita kaɗai ba ta yanke hukunci ba, shaida ce ɗaya cikin shaidu, tare da sunayen doki da ƙafar amalanke da ulu. Amma shaida ce mai gaskiya.

Kada kuma a ɗauka cewa tsufan kalmar na nufin su ne suka fara sanin zuma. A kogon Araña da ke Balensiya a Sifen akwai zanen mutum a kan igiya yana ɗiban zuma, wanda ake ƙiyasta ya kai shekaru 8,000. A Jiahu ta Sin an gano ragowar abin sha na shinkafa da zuma da 'ya'yan itace mai kimanin shekaru 9,000. A nan gida, binciken da aka wallafa a 2021 ya gano kakin zuma a jikin tukwanen mutanen Nok, masu kimanin shekaru 3,500. Abin da ya bambanta dangin Indo-Turai shi ne yawan rubutun da suka bari da kuma ƙarni biyu da aka shafe ana tankaɗe shi.

Kalmomin sun ci gaba da haihuwa ko bayan da giyar zuma ta ja baya. Girkawa sun yi imani cewa wani dutse mai launin shunayya yana hana maye, suka kira shi "amethustos", wanda ba ya buguwa, kuma da wannan suna masu sayar da duwatsun ado ke kiransa har yau. A 1834 wasu masana sinadarai biyu na Faransa, Dumas da Péligot, suka haɗa "methu" da kalmar Girkanci ta itace don su raɗa wa barasar da ake tatsa daga katako suna. Daga nan aka samu sunan sinadarin metanol, gubar da ke makantar da masu shan jabun giya. A Folan kuwa sana'ar ba ta mutu ba: a 2008 Tarayyar Turai ta yi wa nau'o'i huɗu na giyar zumarsu rajistar kayan gargajiya, kowanne da sunan da ke nuna yawan ruwan da aka sirka zumar da shi.

Abin da ya sauke zuma daga kujerarta a ɗakin girkin Turai shi ne rake, musamman bayan da gonakin bayi na yankin Karibiyan suka karya farashinsa a ƙarni na 17 da na 18, sannan gwozar sukari ta biyo baya. Shi ma sunan magajin daga dangin nan ya fito. A Sanskirit "sharkara" na nufin tsakuwa ko ɓarɓashi, aka kira daskararren ruwan rake da shi saboda kamanninsa. Farisawa suka karɓa suka ce "shakar", Larabawa suka ce "sukkar", daga gare su Italiyawa da Faransawa da Ingilishi suka samu nasu. Wannan kalma, saɓanin "medhu" da "melit", ta iso ƙasar Hausa, kuma kowane zango na tafiyarta yana da shaida a rubuce. Sau biyu ma ta iso: ta hanyar Larabci muka samu sukari, ta hanyar Ingilishi muka samu suga.